Kafin a kai ga takobi: da wane kuɗi ƙungiyar wasa ke rayuwa a Tasawa da Mayahi?

Da zarar an ɗaure damman gero an kai rumbu, filayen wasa na ƙasar Tasawa da Mayahi sai su farfaɗo. Ganguna na tashi da la'asar, ƴan kokowa na bin kasuwannin mako suna neman abokin karawa, samarin unguwa kuma na jan layin filin ƙwallo da toka. A daidai wannan lokaci ne ake kafa sababbin ƙungiyoyi. A raɗa suna, a zaɓi shugaba, a tafi gaishe da wani mai hali ya saya wa yara riguna. Kafin ruwan fari ya sauka, da yawa daga cikinsu sun watse, kuma in ka bi diddigi za ka tarar maganar kuɗi ce ta raba su: ko dai babu, ko kuma an samu amma ba wanda zai iya faɗin inda suka shiga.

Lamarin ya wuce na nishaɗi. Gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fi sani da Sabre National, ta soma ne a Tawa a 1975, shekara guda bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki, kuma ɗan jihar Maraɗi ne, Yacouba Ango wanda ake kira Kantu, ya fara lashe ta. Sunansa ne filin kokowar Maraɗi yake ɗauke da shi har yau. Kowace daga cikin jihohi 8 na zuwa da ƴan kokowa 10, su 80 ke nan, wanda ya yi kaye a karon ƙarshe a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi, a haɗa masa da doki da kuɗi masu kauri. Kadri Abdou, wato Issaka Issaka na Doso, sau 6 yana ɗaukar takobin, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023.

Goman nan da ke wakiltar Maraɗi sai an tace su tun daga ƙasa. Yaro yakan fara a dandalin ƙauyensu, sunansa ya kai kasuwar mako, daga nan a gan shi a zaɓen gunduma, sannan na jiha. Kuɗin hukuma da na manyan kamfanoni sun fi yawa a can sama, wajen horon tawagar jiha da sufurinta da kyaututtukan gasa. A ƙasa kuwa, inda ɗan shekara 16 daga Korgom ko Urafan ko Kanambakashe ke buƙatar kuɗin mota da abinci mai riƙe ciki da wanda zai kai shi asibiti in ya gurɗe, babu albashin kowa. A nan ne ƙaramar ƙungiya take da aiki, a nan ne kuma ta fi saurin mutuwa.

Inda kuɗin ke zurarewa

Mutane kan ɗauka kokowa ba ta cin kuɗi, tun da ba ta buƙatar komai sai rairayi da walki. Wanda ya taɓa shirya wasa ko sau ɗaya ya san ba haka ba ne. Akwai makaɗa, waɗanda in babu su fili ba ya ɗaukar zafi. Akwai alƙalan wasa, da zana ko kwano da za a kewaye fili in ana son karɓar kuɗin ƙofa, da hayar lasifika da man janareto, da ruwan sha, da masaukin baƙin da suka zo daga nesa. A ɓangaren ƙwallo, ƙwallon kanta ba ta daɗewa a busasshiyar ƙasa mai ƙaya, takalma na yagewa, raga na tsinkewa. Amma abin da ya fi cin asusu a kowane irin wasa shi ne sufuri. Gundumar Mayahi faɗi gare ta, ƙauyuka nesa da juna, hanyoyin da yawa rairayi ne, kuma ɗaukar samari 15 zuwa wasa ɗaya a dawo da su na iya lashe abin da aka tara a wata guda.

Sai rauni. Ba a cika sa shi cikin lissafi ba sai ya auku. Kafaɗa ta goce ko ƙafa ta karye, a ruɗe, wani ya ce a kai wa maɗori, wani ya ce asibiti, a ƙarshe nauyin ya faɗa kan mahaifin yaron, wanda dama can bai so ɗansa ya bar aikin gida ya tafi wasa ba. Iyaye na lura da irin wannan. Unguwar da aka bar yaro ɗaya da jinyarsa, da wuya a sake samun uban da zai ba da nasa da daɗin rai.

Akwai kuma wani kashin kuɗi da kowa ya sani amma ba a rubuta shi: abin da ake kai wa malam ko boka kafin babban wasa. Ba hurumin wannan shafi ba ne ya ce wa ɗan kokowa ya cire layunsa. Abin da za a iya cewa shi ne, in daga aljihunsa ya biya, ruwansa. In daga asusun ƙungiya za a ɗauka, to a faɗa a gaban kowa a rubuta, domin da sunan “abin da ba a faɗa” ne kuɗin jama'a suka fi ɓacewa.

Alhaji, ɗan siyasa da ma'aikatar magajin gari

Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce neman uban ƙungiya. A sami ɗan kasuwa mai son wasa, a sa masa suna shugaban girmamawa, shi kuma ya riƙa fitar da abin da ya sawwaƙa. Babu laifi a cikin wannan, kuma wasanni da dama a yankin da irin wannan alheri suka tashi. Matsalar ita ce arzikin ɗan kasuwar Tasawa a ɗaure yake da iyakar Najeriya da darajar naira da albarkar damina. An gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da iyakar ta kasance a rufe har zuwa Maris na 2024. Wanda kayansa suka maƙale a hanya ba ya tunanin rigunan ƴan ƙwallo. Ƙungiyar da mutum ɗaya ke ɗauke da ita takan kwanta ranar da ya kwanta.

Ban da haka, kyautar mai hali takan bi tauraro ne. A filin kokowa, kari da ake shelantawa a lasifika na wanda ya yi kaye ne, shi da makaɗinsa. Haka al'adar take, kuma tana da daɗin kallo. Sai dai yaran da suka yi wata uku suna ba shi jiki yana gwada ƙarfi a kansu, da dattijon da ya koya masa kamu, sau da yawa hannu wofi suke komawa gida.

Kuɗin ƴan siyasa kuwa da lokacinsu suke zuwa. A shekarun zaɓe an saba ganin kofuna masu ɗauke da sunan ɗan takara da riguna masu launin jam'iyya, bayan an ƙirga ƙuri'u sai a nemi mai kofin a rasa. Yanzu ma wannan ƙofa a rufe take, tun da an rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025. Majalisun ƙananan hukumomi su ma an rusa su a Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Ga mai tafiyar da ƙungiya, abin lura a nan shi ne komin tana nan, kasafinta yana nan, amma kasafin shekara ana tsara shi ne kafin shekarar ta shiga. Wanda ya zo da takardar roƙo saura kwana uku wasa, ko an taimake shi, daga aljihun wani ne. Wanda ya kai tsarin aikinsa na shekara tun da wuri, da rahoton abin da ya yi da kuɗin bara, shi ne ke da damar a sa masa wani abu a rubuce. Kuma sau da yawa abin da komin za ta iya bayarwa ba tsabar kuɗi ba ne: fili, izinin taro, aron kujeru, ɗaki a gidan matasa da al'adu. Waɗannan ma kuɗi ne, tun da in babu su haya za a yi.

Dubi ƙwallon ƙafa na rukunin farko na ƙasa, za ka ga inda ƙarfin yake. Yawancin ƙungiyoyin da ke shan gaba na ma'aikatu ne: AS FAN ta soja, AS GNN ta dakarun tsaron ƙasa, US GN ta jandarma, AS Douanes, AS Police, AS SONIDEP, Nigelec. Kowace tana da ma'aikatar da ke tsaye a bayanta duk wata. Ƙungiyoyin da suka fito daga gari ko unguwa, irin su Sahel da Olympic da Zumunta a Yamai, ko Dan Kassawa da Jangorzo a Maraɗi, dole su nemi nasu a wajen magoya baya da masu hali. Abin da ƙungiyoyin ma'aikatu suka fi saura da shi, kafin a zo maganar yawan kuɗi, shi ne sanin cewa wani abu zai shigo a ƙarshen wata. Ƙungiyar unguwa ba za ta samu ma'aikata ba, amma wannan tabbacin tana iya ƙirƙirar irin nata.

Akwatin mata mai kwaɗo uku

Ba sai an je nesa neman dabara ba, domin a jihar Maraɗi aka haife ta. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a wannan jiha kan tsarin da aka raɗa wa suna Mata Masu Dubara. An gina shi ne a kan adashin da mata suka gada, aka ƙara masa ƙa'idoji. Mata kimanin 20 zuwa 30 su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka yanke. Kuɗin na shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban taro. A ƙirga da babbar murya, kowa ta ji jimilla, mako mai zuwa kafin a buɗe a tambayi nawa aka bari. Mai makara ta biya tara. Ana ware wani ɗan kaso na taimakon wadda rashin lafiya ko rasuwa ta same ta. A ƙarshen zango a fasa a raba. Tsarin ya bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane na aiki da shi.

Abin mamaki, samarin da iyayensu mata ke cikin irin wannan asusu shekara da shekaru su ne ke damƙa kuɗin ƙungiyarsu a aljihun mutum ɗaya, ba littafi, ba shaida, sai “ai mun yarda da shi”. Yarda ba ta hana mutum shiga matsi. Ma'aji mai gaskiya ma, in matarsa ta haihu kuma kuɗin ƙungiya na cikin aljihunsa, zai ranta da niyyar mayarwa. Daga nan sai ya fara guje wa taro, sauran su fara gunaguni, masu zubi su daina. Kwaɗo uku na kare ma'ajin ne kafin ya kare kuɗin.

Mu yi lissafi na misali. Ƙungiya mai mutum 30, da ƴan wasa da magoya baya, kowa na zuba dala 20 a mako, wato sefa 100. Jika 3 ke nan duk mako. In an yi shekara ba fashi, jika 156. A ce watannin damina da na tsananin bazara sun cinye makonni 22, aka yi zubi na mako 30 kawai, har yanzu akwai jika 90. Ba kuɗin gina fili ba ne. Amma kuɗi ne da aka san ranar zuwansu, ana iya cewa kaza na mota, kaza na ƙwallo, kaza kuma an ajiye ba a taɓawa sai wani ya ji ciwo. Wannan kaso na ƙarshe shi ya kamata a fara cirewa, kafin riguna, kafin biki. Kuma ƙungiyar da ta zo wa Alhaji da littafi tana cewa mun tara jika 90 da kanmu, muna neman cikon kuɗin motar zuwa Maraɗi, ba irin kallon da ake yi wa mai roƙo za a yi mata ba.

Zubin ba dole ya zama tsabar kuɗi ba. A ƙauye da kaka, tiyar gero ko ta wake ta fi sauƙin fita daga hannun manomi. In ƙungiya ta tara hatsi lokacin da yake da araha, ta ajiye a wurin da aka amince da shi da makulli fiye da ɗaya, ta sayar da bazara lokacin da farashi ya ɗaga, ribar tata ce. Akwai hatsari, domin ƙwari na ɓata wake, farashi kuma wata shekara ba ya tashi yadda aka zata, saboda haka kada a zuba duka a ciki. Dattawan da suka yi zamanin Samariya, lokacin Kountché, za su tuna gonakin gayya da samari ke nomawa don asusunsu. Mai gari ko wani mai fili da ba ya iya nome shi duka na iya ba da aro na damina ɗaya, samari 20 kuma in suka fito da hauya da safe, kafin azahar sun gama.

Ga ƴan gari da ke zaune a Yamai, Agadas, Kano, Libiya ko Aljeriya, aika kuɗi ya yi sauƙi ta hanyar NITA ko Amana ko Al Izza. Da yawansu na son a ce da su aka yi. Abin da ke sanyaya musu gwiwa shi ne su aika su ji shiru. Hoton shafin littafi da aka tura a zauren WhatsApp bayan kowane taro ya isa ya riƙe su.

Abin sayarwa

Zubi na riƙe ƙungiya da rai, amma in ana son ta girma sai ta sami abin da take sayarwa. Wani wasa da ke nesa da mu ƙwarai ya nuna wannan a fili. A tsibirin Sal na ƙasar Kap Verde ana wasan zamiya a kan teku, inda mutum ke tsayawa a kan allo, wata babbar laima mai kama iska tana jan sa da dogayen igiyoyi. Wasan ya shiga gasar Olimfik a 2024, aka yi shi a gaɓar Marseille ta Faransa. Kayansa na da tsada sosai, rana da gishirin teku kuma na cinye su cikin ƴan shekaru, ta yadda ɗan masunci ba zai iya saya da kansa ba. Duk da haka tsibirin ya fitar da zakarun duniya, irin su Mitu Monteiro da ya ci kambun duniya a 2008. Abin da ke ɗauke da wasan a can shi ne baƙi masu yawon buɗe ido da ke biyan kuɗin koyo da hayar kaya. Da kuɗinsu makarantun wasan ke sabunta kaya da biyan ƴan ƙasa masu koyarwa. Tasawa na da iskar hunturu da za ta ishi kowace laima, teku ce dai babu, baƙin Turai ma babu. Tambayar da ta shafe mu ita ce: wane ne a garin nan yake da kuɗin biya, kuma me ƙungiya ke da shi da yake so?

Amsar na nan kusa. Duk mako ana suna, ana ɗaurin aure, ana walima, kuma kowane taro na buƙatar kujeru da rumfa da lasifika. Ƙungiyar da ta mallaki kujerun roba 50 da rumfa ɗaya ta rage wa kanta kuɗin haya ranar wasanta, sauran ranaku kuma kayan na kawo mata kuɗi. Haka gidan kallon ƙwallon Turai, ko wurin cajin waya da farantin hasken rana a ƙauyen da babu lantarki. Sharaɗin dai shi ne a sa mutum ɗaya a kai, a yanke masa ladansa a fili, a riƙa ƙirga kujerun duk wata. Kayan da aka ce na kowa ne, ƙarshensu a tsakar gidan wani ake ganin su.

Sai kuɗin ƙofa. Ranar da aka sa wasa ita ce rabin cinikin. Lahadi a Tasawa da Litinin a Mayahi, ranakun kasuwa, mutanen ƙauyuka sun riga sun shigo da kuɗi a aljihu, kuma ba sai an biya musu mota ba. Tikiti ya zama mai lamba, mai sayarwa dabam, mai yagewa a ƙofa dabam, a ƙirga a daren nan kafin kowa ya tafi gida. Wanda ya ce a bari sai da safe, ko da kyakkyawar niyya ya faɗa, ya buɗe ƙofar zargi.

Kan maganar kari, akwai abin dubawa a Senegal. A can ɗan kokowa ba ya tashi shi kaɗai, yana cikin wani gidan horo da suke kira écurie, irin su Fass da ta fitar da Mbaye Guèye da Moustapha Guèye, ko Boul Falé ta Mohamed Ndao Tyson. A 1994 aka kafa hukumar CNG domin ba da lasisi da sa ido kan wasanni. Kokowarsu da naushi ake yi, kuɗinta kuma sun fi namu nesa ba kusa ba, saboda haka ba komai ne zai yi daidai da nan ba. Abu ɗaya dai ya dace: babban ɗan wasa ya san gidan da ya raine shi na da haƙƙi a cikin abin da ya samu. Ƙungiya a Tasawa na iya yanke cewa duk wanda ya ci kyauta da sunanta zai mayar da kashi 10 cikin 100 a akwati. Amma tun yaron bai zama kowa ba za a yi wannan magana, a gaban mahaifinsa, a rubuta. In aka bari sai ranar da ya dawo da ambulan a hannu, rigima za a yi.

Takardu

Da yawa na gudun yin rajista saboda suna ganin wahala ce ta ƴan boko. Dokar da aka daɗe ana aiki da ita kan ƙungiyoyi a Nijar ita ce mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984. A taƙaice, ana yin taron kafawa a rubuta abin da aka yanke, a tsara dokokin ƙungiya da na cikin gida, a jera sunayen shugabanni, a kai wa hukumar da mazaunin ƙungiyar ke ƙarƙashinta. Za a ba da takardar shaida ta wucin gadi kafin izinin ma'aikatar cikin gida ya fito. Dokar ta hana ƙungiyoyin da aka gina kan ƙabila ko ɓangaranci, saboda haka a kula da suna da kuma sharaɗin shiga. Tun da ƙa'idoji kan sauya, a fara tambaya a ofishin prefe ko wajen jami'in matasa da wasanni na gunduma kafin a kashe kuɗin buga takardu. Daga nan sai neman shiga ƙarƙashin hukumar wasan, FENILUTTES ga kokowa, FENIFOOT ga ƙwallon ƙafa, ta hannun reshensu na jiha.

Amfanin takarda a bayyane yake. In babu ita ba a buɗe asusu da sunan ƙungiya a banki ko a ƙaramin asusun ajiya, kamfanin waya ko wata ƙungiyar agaji ba za su sa hannu da ku ba, komin ma ba ta da inda za ta rubuta abin da ta ba ku. Takardun da za a kai hukuma da Faransanci aka saba yin su. Littafin kuɗi na cikin gida kuwa babu dalilin da zai sa a rubuta shi da harshen da mutum biyu kawai ke karantawa a cikin talatin. A rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, wanda dai mafi yawan masu zubi za su iya dubawa. Kundin da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Wajen zaɓen shugabanni, kuskuren da aka fi yi shi ne a ba gwanin fili komai. Iya kaye dabam, iya riƙon littafi dabam. Mai horarwa kada ya riƙe kuɗi, ma'aji kada ya zama ƙanen shugaba ko yaron shagonsa, kuma a yanke wa'adi tun farko, shekara biyu ko uku, domin sauke shugaban da ba a sa masa ranar sauka ba yakan raba unguwa biyu. In an sa mace ɗaya ko biyu daga cikin masu asusun mata a cikin masu binciken kuɗi, an huta. Sun fi samarin sanin aikin, kuma ba a cika yi musu ƙarya ido da ido ba.

Saura matsalar da babu dokar da ke maganinta, wato cin rani. Lokacin da fili ya fi daɗi shi ne lokacin da samari ke ɗaure kaya, wasu Najeriya, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya na arewa, wasu su ƙetare hamada. Ƙungiyar da ta fara da mutum 30 a watan Oktoba na iya wayar gari da 12 a Fabrairu. Ba za a hana kowa tafiya neman abinci ba. Abin da ake iya yi shi ne a matse manyan wasanni tsakanin ƙarshen girbi da ƙarshen Disamba, daidai lokacin da ake zaɓen ƴan takobi kuma hankalin kowa na kan fili, a karɓi zubin masu tafiya kafin su hau mota, sannan makullan akwati su kasance a hannun waɗanda ba sa motsawa: tela, malamin makaranta, mai shago a bakin kasuwa. Watannin rani kuma a bar su ga ƴan makaranta da almajirai ƴan shekara 12 zuwa 15, da langa da ƙwallo da kokowar yara, waɗanda ba su cin kuɗin mota, kuma daga cikinsu ne za a ɗebi masu shiga fili nan da kaka uku ko huɗu.